Rumbu da Tabarma: Abin da Ke Daskarar da Ƙaramar Waya

A ranar babban su na bikin Argungu, da zarar masunta sun afka Matan Fada da homa da gora, sai dubban wayoyi su tashi sama a bakin ruwa. Wata da an buɗe kyamararta sai ta daskare. Wata kuma ana cikin ɗaukar bidiyo kira ya shigo, kafin a dawo manhajar ta rufe kanta. Hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: memori ya cika. Sai a duƙufa goge hotuna, alhali sau da yawa cutar tana wani wuri dabam.

Kalmar memori abu biyu take rufewa. Akwai ma'ajiya, inda hotuna da saƙonni ke zama ko an kashe waya. Wannan ita ce rumbu. Akwai kuma RAM, ƙwaƙwalwar aiki, wadda take kamar tabarmar shanya: duk abin da za a yi aiki da shi sai an ɗebo shi daga rumbu an baza a kanta. Manomin shinkafa a fadamar Rima ya san girman rumbu ba ya maganin ƙarancin wurin shanya. Mai goge hotuna rumbu yake ragewa, tabarma kuwa tana nan a cike.

Mai jigila tsakanin biyun shi ne tsarin fayil, wani sashe na Linux, gindin da aka gina Android a kansa. Ke nan Tecno ko Itel da aka saya a babbar kasuwar Birnin Kebbi tana ɗauke da dangin lambobin da ke tafiyar da manyan kwamfutocin Google. Linux yana yanka RAM gida-gida, kowane gida bayit 4,096, kuma kowane gida yana da rajistarsa mai bayit 64. Kashi ɗaya cikin 64 ke nan. A wayar da ke da gigabayit 2, kimanin megabayit 32 sun tafi a rajista tun ba a buɗe komai ba. A kan wannan, tsarin fayil yana riƙe bayanin fayilolin da aka taɓa da kwafin abin da aka karanta, ko za a sake nema. Idan tabarma ta cika ya rasa abin kwashewa, sai Android ya kashe manhajojin da aka bari a baya.

Abin ya wuce batun hoton kifi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, tura kuɗi ta waya ya zauna daram a cinikin kasuwa. Dillalin shinkafa ya buɗe manhajar banki, ya fita don ya karanto lambar sirrin da aka aiko masa, ya dawo ya tarar an kashe ta, ya fara daga farko, mai kaya na tsaye. Kuma tun da darajar naira ta faɗi daga watan Yunin shekarar, sauya waya ya zama abin da ake jinkirtawa.

Gyaran wannan matsala aiki ne marar ƙyalli. Injiniyoyin Samsung sun kawo F2FS, wanda ya shiga Linux a 2013, an tsara shi don irin ma'ajiyar waya. Na Huawei suka kawo EROFS, wanda ya samu cikakken gurbi a 2019. Dabararsa abar sha'awa ce: fayilolin babbar manhaja a matse suke, kuma warware matsattsen abu yakan buƙaci wuri biyu, na dunƙule da na bazawa, shi kuwa yana iya warwarewa a kan gurbin da aka sauke kayan. Sai aikin Matthew Wilcox, mai suna folio, da ya shiga Linux 5.16 a farkon 2022, wanda ya buɗe hanyar sarrafa gidaje da yawa a matsayin dunƙule guda. Kamar mai awo ne ya daina ƙirga mudu-mudu ya koma ƙirga buhu.

Sai dai masu biyan albashin wannan aiki manyan kamfanoni ne, kuma hankalinsu na kan manyan kwamfutoci da wayoyi masu tsada. Ƙaramar waya takan fito da tsohon Linux, ta kuma mutu da shi. Android Go, da aka ƙaddamar a 2017 don wayoyi masu gigabayit 1 ko ƙasa, daga baya an ɗaga mafi ƙarancin abin da yake buƙata zuwa gigabayit 2. Android 15 ya zo da damar faɗaɗa kowane gida zuwa kilobayit 16, abin da ke ƙara sauri amma, kamar yadda Google ya bayyana, yana cin ƙarin RAM. Ciniki ne mai riba ga mai babbar tabarma. Mai ƙarama ba a tambaye shi ba.

Nan ne Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru suke da abin yi. Darasin babbar manhaja bai kamata ya tsaya a allo da hadda ba, tunda lambobin Linux a buɗe suke, kowa na iya karantawa kyauta. Za a ce aikin yana da wuya, yana cin shekaru, kuma ɗalibin da ya iya gina shafin intanet zai riga samun na cefane. Gaskiya ne, kuma ba kowane ɗalibi zai shiga ba. Amma matakin farko awo ne: a ɗauki wayar gigabayit 2, a buɗe manhajojin da mutane ke amfani da su, a rubuta nawa kowacce ke ci, da lokacin da ake kashe ta. Injiniyan da ke Kalifoniya ba safai yake riƙe irin wannan waya ba, ɗalibin Argungu kuwa tana aljihunsa.

Hukumomi da bankunan da ke ba da kwangilar manhaja don manoma da 'yan kasuwa su ma suna da hanya mai sauƙi. A rubuta cikin sharuɗɗan kwangila cewa za a gwada aikin a kan mafi arahar waya da ke kasuwa, a fita daga manhajar a karanta saƙo a dawo. Idan ta rufe, a riƙe ragowar kuɗin ɗan kwangila har sai ya gyara.