Motar Lantarki: Ko Kwalliya Za Ta Biya Kuɗin Sabulu?

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a bainar jama'a cewa tallafin man fetur ya ƙare, hirar masu mota a ƙasar nan ta sake. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a garuruwa da dama. Malamin makaranta da ya yi shekaru yana tari har ya sayi 'yar Beljiyam ɗinsa, sai ga shi ya jingine ta a gindin bishiya, ba a tashe ta sai ran Lahadi. A cikin wannan hali ne magana ta fara yawo, wai akwai motar da ba ta shan mai ko ɗigo, sai dai a jona ta da wuta kamar wayar hannu. Ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2024 an sayar da motocin da ake jonawa da wuta, har da waɗanda suke haɗawa da mai, fiye da miliyan 17 a duniya, watau fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar.

To, 'yan'uwa masu karatu, ko ya kamata mai iyali, ko kwamitin makaranta, ko majalisar ekklisiya da take neman motar aiki, su sa kuɗinsu a kan wannan abu? A ganinmu, ga mutum ɗaya mai motar gida, lokaci bai yi ba tukuna. Ga motar haya ta cikin gari kuwa, da Keke Napep, da babur ɗin acaɓa, lokaci ya yi, har ma muna so mu makara. Bari mu bi lissafin a hankali, gama a nan ne masu talla sukan yi sauri su wuce.

Ƙaramar motar fetur mai lafiya takan sha kimanin lita 8 a tafiyar kilomita 100. Idan muka ɗauki farashin ƙarshen 2024, naira 1,000 kowace lita, kuɗin ya zama naira 8,000 ke nan. Motar lantarki mai irin girmanta takan ci yunit 18 na wuta, ko kusa da haka, a wannan tafiya. A watan Afrilu 2024 hukumar da take tsara farashin wuta ta ɗaga kuɗin masu layin da ake kira Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka sassauta zuwa wajen naira 210. Yunit 18 a kan wannan farashi bai wuce naira 3,800 ba. Ashe a kowace kilomita 100 mai motar lantarki ya tsira da naira 4,200. Ban da wannan, ba ruwansa da juye baƙin mai, ba fulogi, ba salansa, ba kuloci, ba lagireto mai tafasa a hawan dutse. Wannan duka gaskiya ne, ba mu musunta ba.

Amma fa sai an sayi motar tukuna. Yawancinmu ba sabuwar mota muke saya ba, ta hannu muke saya, wadda ta yi shekara goma ko fiye a ƙasar Turai ko Amurka. Bari mu ce, domin misali kawai, motar lantarki ta fi ta fetur da mutum zai iya saya tsada da naira miliyan 10. Mai motar gida da yake yin kilomita 15,000 a shekara zai tsira da naira 630,000 a shekara. Sai ya yi kusan shekara 16 kafin ya mai da miliyan goman nan. Kamfanoni kuwa sukan tsaya wa batirin shekara 8 ne, ko kilomita 160,000, wanda ya riga zuwa. Watau alkawarin kamfani zai ƙare mutum yana tsakiyar hanyar mai da kuɗinsa. Direban haya dabam ne. Wanda yake yin kilomita 150 a yini, kwana 300 a shekara, ya yi kilomita 45,000, ya tsira da kusan naira miliyan 1 da dubu 900. Cikin shekara biyar da 'yan watanni ya fita. Mota ɗaya ce, farashi ɗaya, amma wani ta fisshe shi, wani ta danne masa kuɗi.

Duk wannan lissafi kuma ya rataya ne a kan abu guda, cewa akwai wutar. Masu Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a yini, kashi 15 cikin 100 ne kawai na masu biyan kuɗin wuta a 2024, bisa ga faɗar hukumar da kanta. Ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ta yi shekara da shekaru tana rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000. A shekarar 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Nijeriya miliyan 85 ba su da wutar gwamnati sam. Mu a Arewa ba ma bukatar wani ya karanta mana wannan a takarda. Ba mu manta da watan Oktoba 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wani layin kuma ya faɗi, jihohin Arewa suka zauna cikin duhu fiye da mako guda. Masu niƙa, masu walda, masu sayar da ƙanƙara, kowa ya ji a jikinsa. Da a ce motocinmu duka na lantarki ne a wannan mako, da mai naƙuda ma ba ta sami abin kai ta asibiti ba.

Wani zai ce ai akwai janareto. A nan ne abin ya zama abin dariya. Ƙaramin janareton fetur yakan ba da wajen yunit biyu ne daga lita ɗaya. Kafin ya ba da yunit 18 ya sha lita 9, watau ya fi abin da motar fetur za ta sha ta yi tafiyar da kanta. An sayi mota mai tsada domin a gudu daga gidan mai, ga mutum kuma a layi da jarka. Hasken rana ya fi wannan ma'ana, gama Allah ya ba mu rana a wadace. Sai dai fa faifan sola mai wat 500 yakan ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini, don haka sai an jera takwas ko tara kafin a sami tafiyar kilomita 100, ban da sauran kayan haɗi. Kuma rana da rana take fitowa, lokacin da motar take wurin aiki.

Ƙasashen da ake ba mu misali da su ba da ka suka yi abin ba. A Norwe, inda kusan tara cikin kowace sabuwar mota goma da aka sayar a 2024 ta lantarki ce, kusan dukan wutarsu daga madatsan ruwa take, gwamnati kuma ta yi shekaru tana yafe wa waɗannan motoci haraji. Amurka ta riƙa rage wa mai saye har dala 7,500 kafin ta janye a ƙarshen Satumba 2025. Habasha, maƙwabciyarmu a nahiya, ta hana shigo da motocin fetur da gas a farkon 2024, amma ta yi haka ne tana da babbar madatsar ruwa a kan kogin Nilu mai ƙarfin fiye da megawat 5,000, ita kaɗai daidai da abin da muke rabawa a ƙasa duka. Wanda ya ga ana rawa a gidan maƙwabci, ya fara duba ko yana da ganga.

Akwai kuma zafi, wanda masu talla ba sa ambata. Batiri ba ya son zafi. Motar Nissan Leaf ta farko, wadda ba ta da ruwan sanyaya batiri, ta sha ƙorafi a 2012 daga masu ita a jihar Arizona ta Amurka, domin batirin ya rage ƙarfi tun bai tsufa ba. Irin waɗannan tsofaffi ne za su fi saurin iso mana a matsayin Beljiyam, su tarar da zafin Afrilu na Yola da Maiduguri da Sakkwato, inda ma'auni yake wuce 40. Tsohuwar motar fetur, in inji ya buga, akwai Panteka a Kaduna, akwai Ƙofar Ruwa a Kano. Tsohuwar motar lantarki in batiri ya mutu, abin da ya fi kome tsada a jikinta ne ya mutu. Gaskiya ne farashin batiri ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 2024, amma da dala ake sayensa, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta wuce naira 1,500 a 2024.

Yanzu bari mu bar aljihun mai mota, mu dubi waɗanda ba su da mota amma za su biya wani abu. Na farko maƙwabta ne. Na'urar cajin gida mai kilowat 7 tana jan wuta kamar an kunna iyakwandishan shida a lokaci guda, dare ɗungurungum. Taransifomar unguwa da aka yi karo-karo aka gyara bara, wadda gwauruwa mai sayar da ƙosai ma ta ba da nata, in gidaje uku suka jona motoci a kanta, wa zai biya idan ta ƙone? Na biyu makanikai ne. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, gidaje nawa ne suka ci abinci, suka biya kuɗin makaranta, daga gyaran inji? Motar lantarki ba ta bukatar yawancin wannan aiki, abin da take bukata kuma yana da wuta mai kisa wadda ba a koyonta da lalube. Ba mu ce a tsaya domin wannan ba, gama keken ɗinki ma ya rage wa mai allura aiki. Amma makarantun koyon sana'a, har da waɗanda ekklisiyoyi suke riƙe da su, ya kamata su fara koya wa samari wannan aiki tun motocin ba su cika titi ba.

Na uku kuwa su ne suka fi damunmu. Ana haɗa batiri da ma'adinai irin su litiyam da kobal. Wajen kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma tun 2016 ƙungiyar Amnesty International ta nuna yadda yara suke aiki a ramukan kudancin ƙasar. Da mun ɗauka labarin nesa ne. A watan Disamba 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da labarin yara ƙanana masu tsintar duwatsun litiyam a ƙauyen Pasali na Jihar Nasarawa, a ramukan da ba su da izini, maimakon su kasance a aji. A wannan shekara ce kuma aka buɗe masana'antar sarrafa litiyam a jihar. Mutanen Filato sun san ƙarshen irin wannan labari. An kwashe kuza an tafi da ita Ingila, aka bar musu tafkuna a gonaki suna cin mutane da dabbobi har yau. A Zamfara, a 2010, gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400. Idan mota mai tsabta a titin Beijin ko Oslo za ta bar mana ramuka da yaran da ba su iya karatu ba, to, tsabtar tata ba ta cika ba. Ba laifin motar ba ne, laifin rashin doka ne, kuma akwai batura yanzu da ba sa bukatar kobal ko kaɗan. Amma litiyam ɗin dai sai an haƙo shi, ƙasarmu kuma tana cikin masu shi.

Duk da haka kada a ji mu kamar masu ƙin abin. Wutar gwamnatinmu, ko da shi ke kaɗan ce, daga iskar gas da madatsan Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru take fitowa, ba daga gawayin ƙasa ba, saboda haka motar da aka caja da ita ta fi ta fetur rage hayaƙi ko an haɗa da na ƙera batirinta. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kasuwa da yamma, hayaƙin Keke Napep da babura yana shiga masa ido, ya san mai talla da ɗan da take goye da shi su ne suke shaƙarsa yini guda. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ya zana surar motar Chevrolet Volt a Amurka, kuma a zamanin da yake shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa aka buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batiri, a Disamba 2023 kuma gwamnatin Borno ta sa motocin haya masu lantarki a titunan birnin. A Kigali da Kwatano ɗan acaɓa yakan shiga tasha ya ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci, ba tare da ya sayi batirin ba.

Wannan ita ce hanyar da muke goyon baya. Motar da take zagaye cikin gari, tana komawa tasha ɗaya kowane dare, tasha mai rumfar sola da ma'aikaci mai horo, ita ce take biyan kuɗinta, amfaninta kuma yana zuwa ga mai biyan kuɗin mota, ba ga mai gareji kaɗai ba. Idan gwamnatocin jihohi suna da kuɗin kashewa, su kashe a nan, kada mu wayi gari mu ji an sayo wa kwamishinoni da 'yan majalisa motocin lantarki da sunan kare muhalli, ana caja su da janareton ofis. Kwamitin da motarsa za ta riƙa bin ƙauyuka, ko ta yi Kano zuwa Maiduguri, kusan kilomita 600, ya riƙe ta fetur ɗinsa, ko ya bincika mai da ita ta iskar gas idan akwai wurin cikawa a kusa. Wanda kuma ya nace sai ya sayi ta hannu, kada ya biya ko kwabo sai an gwada masa batirin da na'ura a gabansa, an nuna masa kashi nawa ya rage na ƙarfinsa, an kuma faɗa masa sunan garejin da zai gyara ta a jiharsa, ya je ya gani da idonsa.