Malbaza: Wa zai zauna kusa da mai raunin fahimta a gaban jandarma?

Dokar Nijar ta bai wa jandarma damar tsare wanda ake zargi awa 48, ana iya ƙarawa da izinin mai shigar da ƙara na gwamnati. Tun 2015 kuma ƙa'idar UEMOA ta ce lauya na iya shiga daga lokacin kamu. Sai dai mafi yawan lauyoyi suna Yamai, fiye da kilomita 400 daga Malbaza.

Wanda abin ya fi shafa shi ne mai raunin fahimta tun yarinta, wanda ba mahaukaci ba ne. Irinsa yakan amsa "eh" don a ƙyale shi ya koma gida. A yi masa tambaya da Hausa, a rubuta da Faransanci, ya dangwala yatsa; takardar ce za ta rigaye shi zuwa gaban alƙali a Konni.

Ingila ta ga haka a shari'ar kisan Maxwell Confait a 1972, inda matashi mai raunin fahimta ya amsa laifin, kotu ta soke hukuncin a 1975. Dokarsu ta 1984 ta wajabta zaman wani babba wurin tambayar.

Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu tun 2008. Zaman uba ko yaya a ɗakin bincike ba ya cin ko dala.