Tsakanin Faɗuwar Tanka da Tashin Wuta

A daren 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Fetur ya malale a cikin kwata, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, sai wuta ta tashi. Fiye da mutum 180 suka rasu. Bayan wata uku, ranar 18 ga Janairu, 2025, aka maimaita a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, inda aka kunna janareta domin juye man tankar da ta faɗi zuwa wata, mutum sama da 80 suka ƙone. Kafin su an yi ta Yamai a watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin sama, wadda ta ci fiye da mutum 50.

Bayan kowace, karatun ɗaya muke sha. A ce kwaɗayi ne, a ce jahilci ne, a zo ta'aziyya da jerin motoci, a kafa kwamiti, a raba shinkafa da tabarmi. Mun gaji da wannan ihu bayan hari. A duka wuraren nan uku tankar ba ta kama wuta da faɗuwarta ba. An samu tazarar da ta ishi mutane su ji labari, su koma gida su ɗauko mazubi. Tazarar da ta isa a tara jama'a ta isa a kore su. Tambayarmu ita ce: wa aka ɗora wa alhakin wannan tazara?

A watan da aka yi gobarar Majiya litar fetur ta kai naira 1,000, mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne. Jarka uku masu cin lita 25 sun fi albashin wata. Duk shirin da aka gina a kan zaton cewa matashi mara aiki zai ga wannan yana kwarara a ƙasa ya kau da kai, shirin banza ne. Mu da ke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta, darasinmu na farko shi ne mai amfani zai danna inda aka hana shi, na'ura kuma za ta mutu a ranar da aka fi bukatarta. Wanda ya gina tsarin banki ya ce ba zai lalace ba muddin kowa ya yi hankali, ba zai kwana a kan aikinsa ba.

Abin da ke kashe mutane a irin wannan wuri tururin fetur ne. Ya fi iska nauyi, don haka yakan bi ƙasa ya kwanta a kwata da ramuka, ya yi nisa ba a ganinsa. Tartsatsin janareta, ko kunna babur, ko gawayin mai tsire ya ishe shi. Ruwa kuma ba ya kashe wutar fetur, domin man yana tasowa a kansa ya bi shi. Sai da kumfar 'yan kwana-kwana ko yashi. Littafin da masu kai ɗauki ke amfani da shi a Amurka ya ce idan mai ya zube da yawa a janye mutane akalla mita 300 ta inda iska ta nufa, idan kuwa tankar ta kama wuta a ba ta mita 800 ta kowace fuska. Wannan ilimi bai fi ƙarfin mai unguwa ba. Ba a kai masa ba ne.

A takarda muna da komai. An kafa hukumar NEMA a 1999. Tsarin kula da bala'o'i na ƙasa ya tanadi hukuma a kowace jiha, da wata a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774. To, mai karatu, je ka sakatariyar ƙaramar hukumarku gobe ka nemi a nuna maka shirin da aka rubuta na ranar da tanka za ta faɗi a bakin kasuwa. Ka tambayi sunan wanda za a kira da ƙarfe ɗayan dare, da ranar ƙarshe da aka gwada. Amsar da za ka samu ita ce ma'aunin tsaron 'ya'yanka.

Wasu sun koyi darasi da bala'in da ba ma a ƙasarsu ya auku ba. A Disambar 1984 iska mai guba ta tsere daga masana'antar maganin ƙwari a Bhopal ta Indiya, ta kashe dubban mutane. A 1986 Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa kowane yanki kwamitin shirin ko-ta-kwana, mai ɗauke da zaɓaɓɓun shugabanni, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, ma'aikatan lafiya, 'yan jarida, ƙungiyoyin al'umma da masu masana'antu. Dole kwamitin ya sake duba shirinsa duk shekara, kuma ɗan gari na da haƙƙin sanin sinadaran da aka ajiye kusa da gidansa.

Namu bai kamata ya wuce shafi biyu ba. Wane ladan ne zai yi shela a lasifikar masallaci? Su wa za su tare hanya ta ɓangarori biyu, 'yan sintiri ko 'yan ƙungiyar direbobi? Wa zai zagaya ya sa a kashe janareta da murhun mai shayi? Ina motar kashe gobara mafi kusa, kuma tana da kumfa? Wane asibiti ne ke iya karɓar masu ƙuna, da motocin wa za a kai su? Sai kuma lissafin abin da ke cikin gari: shagunan sayar da gas ɗin girki, ma'ajiyar 'yan bumburutu, rumbunan taki da maganin feshi, sinadarin tace ruwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba jami'in Abuja da zai fi dagaci sanin waɗannan wurare.

Za a ce babu kuɗi. Igiya, usur, fitilu da tarin yashi ba su kai kuɗin ayarin ta'aziyya ɗaya ba, balle a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Za a ce mutane ba sa jin magana, har 'yan sanda sun ce sun yi gargaɗi a Majiya ba a saurare su ba. Matashin da zai ture baƙon ɗan sanda ba lalle ne ya ture limamin da ya yi masa huɗuba ba, musamman idan an riga an yi atisaye da rana tsaka kowa ya san inda layin yake. Za a ce gwamnati ta hana tankoki masu lita 60,000 tun daga Maris na 2025. Madalla, amma mai lita 45,000 ma ta ishi kasuwa guda. Wasu abokan sana'armu kuma za su ce a ƙirƙiro manhaja. Manhaja ba ta riƙe igiya. Sai akwai mutumin da aka ambaci sunansa, aka horar da shi, sannan saƙon waya zai yi amfani. Masu cewa ƙaddara ce kuma, su ne dai ke kulle ƙofofinsu kowane dare.

Gyaran tituna da dawo da jigilar mai ta jirgin ƙasa aiki ne na shekaru, tankoki kuwa a daren yau ma za su ratsa Majiya da Dikko da garinku. Don haka bukatarmu ƙarama ce. Kowane kansila ya zauna da dagatai da limamai da shugabannin tasha na mazaɓarsa, a rubuta shirin da Hausa, a liƙa shi a ƙofar masallaci da bakin kasuwa, a sa ranar gwaji kafin shekara ta fita. Wanda ya kasa yin wannan, kada ya zo mana da buhun shinkafa ranar makoki.