Wa Ya Biya Kuɗin Haƙurin Filadelfiya?

Jama'a, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masoya ƙwallon kwando, tun daga birnin Filadelfiya na Amurka har zuwa ɗakin hutawarmu na ɗalibai, inda wasu kan raba dare suna kallon wasannin NBA. Gardamar kuwa ita ce, shin ya halatta ƙungiya ta sallami gwanayenta, ta zauna tana shan kaye da gangan shekara da shekaru, wai don ta yi ƙarfi nan gaba? Mun ga ya kamata mu sa baki, kuma tun da fari mu faɗi inda muka tsaya: bai halatta ba.

Ga wanda bai saba da wannan gasa ba, bari mu yi masa shimfiɗa. Ƙungiyoyi 30 ne a cikinta, kowace tana buga wasa 82 a kaka, kuma komai lalacewar ƙungiya ba a mayar da ita rukuni na ƙasa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Maimakon haka, idan aka zo zaɓen sabbin matasan 'yan wasa na shekara, shekara da shekaru waɗanda suka fi faɗuwa su ne suka kasance da rabo mafi tsoka a ƙuri'ar da ke nuna wanda zai fara ɗauka. An kafa wannan doka ne don a tallafa wa mai rauni. Amma duk dokar da ta sa lada a kan faɗuwa, lalle wata rana za a sami mai faɗuwa don lada.

A 2013 aka naɗa Sam Hinkie manajan ƙungiyar 76ers ta Filadelfiya, shi kuwa bai yi wata-wata ba. Ya ba da Jrue Holiday, gwanin ƙungiyar, ga New Orleans, ya karɓi Nerlens Noel, saurayin da ke jinyar gwiwa, da kuma damar zaɓe a shekara mai zuwa. Daga nan aka shiga rushe gida. Kakar farko sun ci wasa 19, ta biyu 18, ta uku 10 kacal. Watau cikin wasa 246 sun ci 47, an cinye su 199, har akwai lokacin da suka sha kaye sau 28 a jere. Wannan shi ne abin da magoya bayansa suka laƙaba wa suna "Tsari", suna ta kira ga jama'a da su amince da shi.

Kada mu zalunci abokan gardamarmu, hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce mutum biyar ne ke cikin fili, saboda haka gwani ɗaya tak kan juya akalar ƙungiya, irin wannan gwani kuwa an fi samunsa a sahun farko na zaɓe. Sun ce ƙungiyar da ke tsaka-tsaki, ba ta yi ƙarfin cin kofi ba, ba ta kuma yi raunin samun zaɓe mai kyau ba, ita ce tafi kowa wahala. Daga ƙarshe sai su nuna Joel Embiid, ɗan Kamaru, wanda aka ɗauka na uku a 2014, ya yi kaka biyu bai taka fili ba saboda ciwon ƙafa, kana ya zama gwarzon gasar baki ɗaya a 2023. Su ce, to, ashe mai haƙuri kan dafa dutse.

Madalla. Amma wa ya kawo itacen da aka dafa dutsen da shi? Masu ƙungiyar dai ba su yi asarar kujerarsu a gasar ba, tunda babu mai korar su. Wanda ya biya shi ne ma'aikacin da ya tsakuri albashinsa ya sayi tikiti, ya riƙo hannun ɗansa suka zo kallon wasan da shugabanni suka riga suka so a rasa. Ba a ce 'yan wasa sun ƙi yin ƙoƙari ba, a'a, sun yi iyakar yinsu. An dai tara su ne yadda ƙoƙarin ba zai isa ba. Su ma sun biya. Michael Carter-Williams ya zama gwarzon sabbin shiga a 2014, kafin shekara ta zagayo aka yi musayarsa da wata damar zaɓe, kamar buhun gero da aka ga farashinsa ya hau. Yaron da ya ga an yi wa abokinsa haka, da wace zuciya zai sa rigar?

Abin da ya fi damunmu ma shi ne abin da wannan tsari ya mayar da mai kallo. Da can masoyin ƙungiya yakan yi gardama ne a kan wane ya fi iya jefa ƙwallo, wane ya fi tsaron gida. Yanzu sai ka ji ɗalibin da bai biya kuɗin ɗakin kwana ba yana lissafin miliyoyin dalolin attajiran Amurka, yana murna an sallami ɗan wasa don a rage albashi, tamkar shi ne akawun kamfanin. Kaico! An karɓe masa daɗin kallo, an ba shi littafin lissafin wani ya riƙe.

To, ina ribar? Noel ya tafi, Jahlil Okafor da aka ɗauka na uku a 2015 ya tafi. Ben Simmons da Markelle Fultz, waɗanda aka ɗauka na ɗaya a 2016 da 2017, su ma duk an rabu da su. Daga 2018 zuwa 2025 ƙungiyar ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a wasannin fitar da gwani ba, kofin da ake nema tun bayan na 1983 kuwa ko ƙyallinsa ba a gani ba. Nan ne 'yan Tsari kan tashi tsaye su ce ai Hinkie ya ajiye aiki a Afrilun 2016, ba shi ya zaɓi Simmons da Fultz ba, ba kuma shi ya ba Tobias Harris kwantiragin dala miliyan 180 a 2019 ba. Gaskiya ne, mun yarda. Sai dai shirin da ba shi da wa'adi, wanda idan an ci nasara a ce aikinsa ne, idan an faɗi a ce ba a bari ya kammala ba, wannan ba shiri ba ne da za a iya auna shi, kuma ba daidai ba ne a nemi jama'a su biya masa kaka uku.

Balle ma gwani ba a sahun farko kaɗai yake ba. A zaɓen 2013 ɗin nan da Filadelfiya ta fita da Noel da Carter-Williams, Milwaukee ta ɗauki Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, a matsayi na 15, ya kuwa kai ta ga kofi a 2021. A 2014 Denver ta tsinci Nikola Jokić a matsayi na 41, ta ci kofi a 2023. Akan kawo mana Oklahoma City, wadda ta yi kaka biyu a ƙasa sannan ta ci kofi a 2025. Ba mu musa cewa faɗuwar ta taimaka mata ba, ita ta ba ta Chet Holmgren. Amma jagoranta, Shai Gilgeous-Alexander, ta hanyar musayar Paul George aka same shi a 2019, watau da ido da iya ciniki.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin laifin ba na Hinkie kaɗai ba ne. Tun 1984 aka zargi Houston da sakin jiki don ta sami Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, shi ya sa aka kawo ƙuri'a a 1985. A 2019 aka rage rabon mafi faɗuwa daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 14, duk da haka a 2023 sai da aka ci Dallas tarar dala 750,000 saboda ajiye 'yan wasanta a wasan da take so ta rasa. Mu a ganinmu, muddin ƙungiya za ta iya ƙara rabonta ta hanyar shan kaye, gyaran bai kai ba. A daidaita rabon duk ƙungiyoyin da ba su kai wasannin fitar da gwani ba, kowa ya shiga fili da niyyar ci.

Ita kuwa Filadelfiya, a kakar 2024 zuwa 2025, bayan ta ba Paul George kwantiragin dala miliyan 212, wasa 24 ta ci. Akwai kuma bashin damar zaɓe da Oklahoma City ke bin ta, wanda ba za ta tsira daga biyansa a shekarar ba sai idan ƙuri'a ta sa ta cikin shida na farko. Saboda haka a watannin ƙarshe na kakar, shekara goma sha biyu bayan zuwan Hinkie, magoya bayanta da dama suka koma zaman fatan a cinye ƙungiyarsu.