Zuwa Ga Ma'aikatan Ɗakin Gwaji: Karkarwa Daban, Tafiya Daban



Damina ta kusa, kun kuma san abin da takan kawo mana: bayan gida tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, likita na bakin ƙofa yana jiran sakamako. A 2021 fiye da mutum 100,000 aka yi zargin kwalara ta kama a Najeriya, akasarinsu a Arewa. Don Allah ku duba ɗigon samfurin tun yana sabo. Vibrio cholerae jela ɗaya gare ta a ƙarshen jiki, da ita take fizga kamar kibiya. In samfurin ya wuni a kan benci sai ta lafa, ku rubuta babu motsi alhali mai cutar na ƙarewa a gado. Ido ba ya yanke hukunci, dole a shuka a TCBS a ga ta fito rawaya, amma wannan fizgar kan sa a killace maras lafiya da wuri.

Inda sababbin hannu suka fi zamewa shi ne karkarwa. Duk ƙwayar da ke cikin ruwa, ko matacciya ce, tana ɓari a wuri guda saboda ruwan na bugunta. Robert Brown ya lura da irin wannan ɓarin tun 1827. In kuma kun ga duka sun nufi gefe ɗaya, ruwan ne ke kwarara ƙarƙashin gilashi. Mai tafiya ta gaske takan bar 'yan'uwanta ta kama gabanta. Ku zaɓi ƙwaya ɗaya ku bi ta da ido, ban da garaje.

Salmonella da Shigella duk fari-fari suke fitowa a MacConkey. Don raba su, ku soka allura tsaye cikin agar mai laushi: Salmonella za ta bazu ta gurɓata shi, Shigella ba ta barin layin sukar.

Listeria kuwa tana wuntsilawa a digiri 25, a 37 sai ta kwanta. Littattafan Turawa sukan ce a ajiye ta a zafin ɗaki, su suna nufin ɗakinsu ne. Namu a Kano ko Maraɗi cikin Afrilu, ga shi an ɗauke wuta, bai da maraba da inkibeta. Ku ɗora ma'aunin zafi a kan bencin kafin ku ce ba ta motsi.

Naku,
tsohon abokin aiki