Jirgin da Autana Ya Ce In Sayo

Da zan tafi Guangzhou sarin kaya, autana ya turo min hoton ƙaramin jirgin sama mai rimot. "Baba, wannan nake so, na gasa ne."

Sai da na bincika. Gasar F3A ake ce mata, kuma a dokarta jirgi ba ya wuce mita 2, tsawo ko faɗin fikafikai. Ba gudu alƙalai ke dubawa ba, tsabtar juyi ce: da'ira ta fita da'ira, layi ya miƙe sak. Shi ya sa ake ƙera shi ya zauna yadda ka ajiye shi. In ya karkace, ba ya gyara kansa. A hannun ɗan koyo, kafin ka ce kwabo kuɗinka sun tarwatse a ƙasa.

Na sayo masa na soso mai fikafikai a bisa, wanda ke daidaita kansa. Kwana uku yana fushi, uwarsa ma ta ce rowa ce.

Yanzu a yashin Binuwai yake koyo, nesa da filin jirgi da barikin sojoji. Na hana barin batirin cikin mota, zafin Afrilu kumbura shi yake. Sau huɗu ke nan yana faɗowa, da gam muke liƙewa.