Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi? Batun sabunta manhajar sunayen intanet

Duk wanda ya rubuta sunan wani shafi a wayarsa, akwai tafintan da ke yi masa aiki a ɓoye. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Uwar garken sunaye ita ke karɓar suna, kamar wanda ya ƙare da .ne na Nijar ko .td na Chadi ko .gh na Gana, ta mayar da shi lambar adireshi. Paul Mockapetris ne ya ƙirƙiro wannan tsari na DNS a 1983. Daga cikin manhajojin da suka fi daɗewa a wannan aiki akwai BIND, wadda aka fara rubutawa a Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, yanzu kuma cibiyar ISC ke kula da ita. Akasari ana ɗora ta bisa babbar manhaja mai buɗaɗɗen tushe, irin su Debian da FreeBSD.

Masu kula da waɗannan na'urori da dama suna gudun sabunta ta. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Sabon zubi kan yi watsi da wasu tsofaffin umarni, har manhajar ta ƙi tashi, saƙonni da shafukan ma'aikata su tsaya cik. Don haka sukan ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A ganina wannan karin magana bai dace da wannan wuri ba. A 2008 Dan Kaminsky ya gano wata ɓaraka a tsarin DNS. Lambar shaidar da ke bin kowace tambaya ba ta wuce kala 65,536 ba, saboda haka mugu na iya yin ruwan amsoshin ƙarya har ɗaya ta dace. Daga nan wanda ya rubuta sunan bankinsa daidai sai a kai shi shafin ɓarawo. Ranar 8 ga Yuli 2008 aka fitar da gyara, wanda bai sabunta ba kuwa ya zauna da ƙofa a buɗe. A 2015 ma an gano wani aibi a BIND wanda saƙo guda ya isa ya durƙusar da ita.

Abin lura kuma, buɗaɗɗen tushe kowa na iya karanta shi. Ranar da gyara ya fito, mai kula da na'ura da mai neman ɓarna duk sun ga inda bangon ya tsage. Jinkiri ƙadangare yake amfana.

Maganin muguwar rawa shi ne koyon rawar. A fara adana kwafin fayilolin saiti, a karanta bayanin da ya zo da sabon zubi. A tantance saitin da named-checkconf, fayilolin yanki kuma da named-checkzone. A sabunta uwar garke ta biyu tukuna, a gwada amsoshinta, sannan a taɓa ta farko, don kada sunaye su ɓace ko na minti guda.

Ya kamata kowace jami'a da ma'aikata su ɗora wannan aiki a wuyan mutum sananne, su sa masa lokaci a kalanda, su kuma tabbatar cewa zubin da ke kan na'urarsu har yanzu masu shi na fitar masa da gyara.